Fim ɗin da na fassara a gaban Mama

Yaya Istifanus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Legas, yaya Anti Rahila da yara? Muna lafiya, sai ƙafar Baba da har yanzu ta hana shi zuwa gona.

Ran Lahadi bayan sujada Fasto ya kawo sabon fim na ƙasar waje, aka rufe tagogin majami'a da barguna. Ni aka sa in fassara. Labarin wani saurayi ne mai son zama likita, ya sha wuya amma bai daina addu'a ba. Da ya ce wa uwarsa zai tafi, sai na ga Mama a bencin gaba tana kallona. Na ce wa jama'a, "Ya ce ba zai bar ta ba." Sai ga shi ya hau jirgin ƙasa! Kowa ya fashe da dariya.

A hanya Mama ta ce, "Bulus, ba na jin Turanci, amma na ga jakarsa."

Takardar samun gurbin karatu da makaranta ta aiko mini daga Zariya tana cikin akwati, citta kuma ta isa haƙa. Kai ka riga ni fita, in ni ma na tafi wa zai haƙa?

Ka gaishe da kowa. Ka sa ni a addu'a, tawa ta fara gajiya.

Ƙaninka,
Bulus