Ganyen da Ba a Tayawa

Asabar, 24 ga Yuni

Damina ta sauka. Teku kamar tukunyar da aka manta a kan wuta. Baƙi daga Seoul, kowa da kyamararsa, sun biya kuɗi su shiga jirgina su ga gorae, ƙaton kifin nan na teku, suka ƙare da kallon cikin leda. Na ce musu gorae yana nan, ƙasa ya yi, ba ya son ruwan sama ya jiƙa shi. Mutum ɗaya ya yi dariya, sannan ya yi amai.

'Yata Haesun ta hana ni wannan barkwancin. Ta kuma hana ni ce masa kifi a gaban baƙi, wai dabba ne, nono yake ba ɗansa. Na ce 'yar nan, abin da ya fi bas girma, ga wutsiya, ga shi a ruwa yake kwana, in ba kifi ba ne to ni ma ba ubanki ba ne. Amma ni firamare na gama da ƙyar, ita jami'a ta yi. Shi ya sa lasifika a hannunta, sitiyari a nawa. Ba ita, ba jirgi. Ni da na buɗe baki sai baƙi su fara neman hanyar gida.

Lahadi, 25 ga Yuni

Mijinta ya zo daga Daegu. Jinho, mai sayar da tabarau. Daegu, garin da ko ƙamshin teku ba sa ji. Tun aurensu yana can tana nan, sai ƙarshen mako. Na san abin da ke ransa: ya kwashe min 'ya ya ajiye ta a shago tana goge gilashi.

Yau ya nace sai ya shiga jirgi. Ba a kwance igiya ba ya fara amai. Na ce, "Suruki, ka rage wa teku na gobe mana." Ya sunkuya da ledarsa ya ce, "To, Baba." Mutumin da ba a iya tsokana, ina amfaninsa?

Laraba, 28 ga Yuni

Haesun ta yi amai.

Haesun fa! Yarinyar da ta koyi tafiya a cikin jirgi, da aka sauke ta a ƙasa sai ta faɗi. Tana tsakiyar labarin nan da baƙi ke so, cewa matanmu a wurin gorae suka koyi shan miyar ganyen teku bayan haihuwa, don an ga uwar gorae tana cin ganyen in ta haihu. Sai lasifika ta yi shiru. Na leƙo, ga ta rungume da ƙarfen gefe.

Na ce ashe cutar Daegu ana ɗauka. Ba ta yi dariya ba.

Gorae: babu.

Asabar, 1 ga Yuli

Mai tabarau ya sake zuwa, ya sake shiga. Su biyu a jere bakin ƙarfe, kamar masu gasa. Ya kawo mata lemo mai tsami cike da jaka, shi da ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Ta ce in daina gasa busasshen kifi a ɗakin tuƙi, wari yake mata. Kifin da ta yi haƙora a kansa.

Litinin, 3 ga Yuli

Iska ta hana fita. Na yi barcin rana, na yi mafarki wani ɗan gorae ya shigo ta taga, ya wuce ni ko gaisuwa babu, ya hau cinyar Haesun ya kwanta. Na gaya wa uwarta, na ce alamar kasuwa ce, Asabar za mu gan shi.

Ta ajiye ludayi ta daɗe tana kallona. "Baban Haesun, wannan kan naka, don hula kawai kake ɗauke da shi?"

Na ce me na yi? Ta ce ba komai, ci abincinka. Ta juya tana yi wa tukunya dariya.

Alhamis, 6 ga Yuli

Na ji Haesun a waya bayan shagon tikiti. "A'a, ban gaya masa ba. Bari lokacin baƙi ya wuce tukuna."

To. Shi ke nan. Tafiya za ta yi. Aman ma ƙila jiki ne ya riga baki faɗa.

Ban ci abincin rana ba. Uwarta ta tambaya, na ce matsalar ciki ce. Ta ce, "Yau ka faɗi gaskiya ba ka sani ba."

Jirgin ma sunanta ne a jikinsa. Fentin shafe shi dai ba tsada.

Asabar, 8 ga Yuli

Rubutun yau zai fi na kullum muni.

Da safe an bar jirage su fita, amma sama baƙi ƙirin. Jinho ya ce a hankali ko Haesun za ta huta yau. Na ce in ta gaji da jirgin ubanta ta faɗa da bakinta, ba sai ta aiko ɗan Daegu ba. Ta dube ni, ta ɗauki rigar ruwa ta sa. Halina ne ta ɗauko, ba na uwarta ba.

Mun wuce fitilar bakin tasha, ruwa ta sama, ruwa ta ƙasa. Can wata mata ta ƙwalla ihu. Na duba. Feshin gorae! Fari fat, can gabas, inda igiyar ruwa ta fi tashi. Sai baƙin bayan nan ya ɗago, ya yi ta fitowa ba ya ƙarewa. Tun shigowar damina ban gan shi ba. Na ce mafarkina! Na taka wa inji wuta. A raina, ba ƙarya, cewa nake bari ta gani, ta tuna abin da babu a shagon tabarau.

Jirgi ya hau wata igiya ya faɗo, tim. Ya sake. Na ji lasifika ta bugi ƙasa.

Sai ga Jinho a ƙofar ɗakin tuƙi, da rarrafe, tabarau a karkace, fuska kamar ɗanyen kabeji.

"Baba, juya jirgin."

"Kai a wa?"

"Baba, na ce ka juya! Ciki gare ta! Jikanka ne kake bugawa da ruwa kamar wanki!"

Daga nan ya yi amai a kan takalmina, ya sunkuya ya ce in yi haƙuri.

Na leƙa. Tana zaune a ƙasa, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya a mara. Gorae ya sake feshi, kusa ƙwarai, har warinsa na ji.

Na juya. Baƙi suka yi caa, wani mai babbar kyamara yana ambaton iyayena. Na jawo lasifika na ce, "Jama'a, gorae ya ce a gaishe ku, yau yana da baƙi a gida." Ba wanda ya yi dariya, har ni. Na dawo da jirgin nan kamar mai ɗauke da kwanon miya cike a kan sabuwar tabarma. Ban taɓa sanin tashar nan tana da nisa haka ba.

Lahadi, 9 ga Yuli

Likita ta ce lafiya lau, su biyun.

Na ce don me ba a gaya min ba? Haesun ta ce, "Da ka ɗaure jirgin har kaka, Baba. Ka zauna gida kana damun Mama." Uwarta ta ce ai an gaya min, har ta taga aka shigo aka gaya min.

Jinho kuma ya amsa cewa tun makon jiya ya ga gorae, yana rataye a ƙarfe, kansa a ƙasa. Ya yi shiru don kada in bi shi cikin igiya. Munafukin Daegu. Ido dai gare shi.

Asabar, 22 ga Yuli

Ni na ce Haesun ta tafi Daegu. Can ƙasa ba ta motsi, asibiti kuma kusa. Ta yi kuka, na ce warin kifin ne.

Ranakun mako ni ke riƙe lasifika. Ƙarshen mako Jinho ke zuwa shi kaɗai, yana maimaita abin da ta koya masa, jimla ɗaya, leda ɗaya. Baƙi suna tafa masa, sun ɗauka wasa ne. Ban roƙe shi ba. Rigar ruwansa ta shago ce, tana yoyo, na ba shi tsohuwar tawa. Dama za a yar.

Yau wani ya tambaya nawa kifin yake kaiwa a nauyi. Na ji bakina yana cewa ba kifi ba ne, nono yake bayarwa.

Talata, 30 ga Janairu

Watan haihuwa ya kama. Uwar Haesun ta ce a sayo ganyen miyar jego, na ce dama ina da sayayya a kasuwa. Ta bi ni har ƙofa: na mai jego ba a naɗe shi, ba a karya shi, ba a taya shi, kada haihuwa ta yi wuya. Na ce camfin tsofaffi.

Tsohuwa Malsun mai ganye ta san ni tun ina saurayi, ba ta taɓa sayar min da ko gishiri ba sai mun yi faɗa. Ta jawo busasshen ganye, dogo kamar ƙyauren ɗaki, ta faɗi kuɗi. Kuɗin ɓarayi. Ta naɗe hannu tana jira. Masu rumfunan kusa duk suka juyo suna kallo.

Bakina ya buɗe da kansa. Na rufe shi. Na biya.

"Mansu, ba ka da lafiya ne?"

Na ce haƙori ne.

Jinho ne ya kawo ni, amma ganyen ba ya shiga motarsa sai an lanƙwasa, saboda haka muka taho a ƙafa, ana yayyafi mai sanyi. Ni riƙe da ganye a tsaye kamar tuta, shi riƙe da lema a kan ganyen, mu biyu muna jiƙewa. A hanya ya ce in yaron ya yi wayo, ko zan koya masa jirgi. Na ce sai na ga cikin wa ya gado.

Bai karye ba, ko gefe. Yana ɗakinmu a jingine, na mayar da shimfiɗata falo kada in ture shi.

Fentin da na saya a Yuli yana nan ban buɗe ba. Akwai wuri a jikin jirgin, ƙasan sunanta, da zai ɗauki wani sunan. Na auna ne kawai.