Ƙorafin Tsohon Malamin Lissafi Kan Rufe Ofishin Ba da Shawara

Zuwa ga: Shugaban Sashen Harkokin Ɗalibai
Daga: Mahaifin wani ɗalibin aji biyu, malamin lissafi mai ritaya
Kwanan wata: 14 ga Oktoba, 2024

Game da: Mayar da ofishin ba da shawara ɗakin ajiyar karyayyun kujeru

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da kukana, ko da yake ni kaina ina cikin abin kukan.

1. A watan Janairu na gano cewa autana ya faɗa cacar ƙwallo ta waya, har ya sayar da kwamfutar karatunsa. Da yake na shekara talatin da ɗaya ina koyar da lissafi, sai na ƙwace wayar don in nuna masa a kan takarda cewa ba a cin gidan caca. Na buga sau ɗaya don misali, na ci. Ranka ya daɗe, misalin bai ƙare ba sai da ya haɗa da fanshona na wata biyu. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

2. Ranar Laraba, 6 ga Maris, uwar yaron ta tasa mu gaba zuwa ofishin ba da shawara da ke ƙarƙashin matakalar ɗakin karatu. Na shiga da babbar riga da niyyar kai ƙara. Malamar da ke kula da ofishin ta saurare ni har na gama wa'azina, sannan ta tambaye ni cikin ladabi yadda aka yi na san sunan mai tsaron ragar kowace ƙungiya. Yaron ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Daga ranar kujera biyu take ajiye mana.

3. Ba ta taɓa yi mana tsawa ba. Ta koya mana gane lokacin da hannu ke ƙaiƙayi da abin da za mu yi kafin ya kai ga waya, ta sa muka riƙa gaya wa juna gaskiya. Yaron ya koma aji, ya ci jarrabawarsa. Ni na zame sau biyu, shi sau ɗaya. Ko a nan ma ya fi ni maki.

4. Ranar 2 ga Oktoba muka tarar da kwaɗo a ƙofar, da kujeru jibge har rufi. Masinja ya shaida mana an mayar da malamar ofishin rajista tana buga hatimi. Ɗalibai bakwai na ƙirga a tsaye, kowa yana yi kamar wucewa ya zo yi. Na gane su, domin ni ma tsayuwar da nake yi ke nan.

Saboda haka ina roƙon a buɗe ofishin, a dawo da malamar bakin aikinta kafin a biya ɗalibai kuɗin tallafin karatu a ƙarshen wata. Na san abin da kuɗi a waya ke yi wa mai furfura, balle ɗan shekara ashirin.

A hanyarmu ta komawa gida yaron ya tambaye ni ko an rufe ne don an ga irinmu ba ma gyaruwa. Na ce masa zan tambayi hukuma. Ga shi na tambaya.

Ka huta lafiya.

Naka cikin ladabi da biyayya,
(sa hannu)
Baban Auta