Takardar gwajin tana shafi na tamanin

Umma,

Ki daina birkice ɗaki, takardar gwajin jinina ba ta ɓata ba. Ni na ɗauke ta shekaranjiya. Na ga kina ta shafa lambobin nan biyu da likita ya zagaye da jan biro, abincinki har ya huce. Da kika tashi alwala sai na zare ta, ko kya ci wani abu.

A littafin da nake karantawa na sa ta, na manta, jiya na mayar da shi laburare. Da kika ce "Ke ma ba ki gan ta ba?" tsoro ne ya sa na ce a'a. Ki yafe mini.

Na tafi in tsaya bakin ƙofar laburaren kafin su buɗe, kada wani ya riga ni aronsa. Na san sai likita ya sake ganin takardar zai faɗa mana ko garkuwar jikina ce ke taɓa hantata. Mu haɗu a asibiti ƙarfe goma.

Sau uku na duba idona a madubi, fari ne tas, babu alamar shawara. Don Allah ki karya kafin ki fito.