Makullin Babur

Daren Alhamis, farkon Janairu, Gumel

Kwana biyar ke nan da na ajiye babur, ina zuwa shago a ƙafa. Ƙanena Sale ne ya kawo shawarar: "Yaya, tumbi zai sauka, hayaƙi ya ragu a gari." Ni da na tsaya a aji huɗu, shi kuwa ya yi boko mai zurfi, na ɗauka ilimi ne ke magana.

Yau ina tafe ina haki, ya wuce ni a kan babur ɗina ya nufi Maigatari, har da ɗaga hannu: "Sannu da ƙoƙari, Yaya."

Na tambayi uwar yara wa ya ba shi makulli, ta ce in ci tuwo kada ya huce.

Ba zan daina tafiyar ba, don ciwon gwiwata ya fara saki. Amma gobe ni da makullin za mu taka tare.