Takin Zamani a Randar Inna

Zuwa ga Yaya Hashimu, a Ikko,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Wudil sai godiya, ban da zafin bazara. Inna ma ta samu sauƙi, kuma maganar ciwon nata ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kwanan baya na koya wa ajin su Safara'u, 'yarka, auna zafin da ke fita ko shiga idan an haɗa sinadarai. Muka naɗe kofi da auduga, muka tsoma ma'aunin zafi, muka zuba farin takin zamanin nan da ake ta rabawa. Yara na kallo ma'auni ya yi ƙasa, kofi ya yi sanyi ƙarara. Safara'u ce ta fara lissafo amsar daidai, har na yi mata tafi.

Da ta je gida Dagumawa hutu, ta tarar Inna na kukan ruwan randa ya yi ɗumi. Sai ta ɗebi takin Kawu Gwadabe ta zuba a randa. Inna ta sha, ta wuni tana amai, sai da aka kai ta asibiti. Da ta farfaɗo cewa ta yi, gaskiya dai ruwan ya yi sanyi.

Kawu bai yi dariya ba. Ya kulle akwatin yarinyar a ɗakinsa, ya rantse ba za ta koma makarantar da ake koyar da guba ba. Na je na durƙusa, na ce tausayin kakarta ne ya ja ta, kuma ruwan da ya zube ya bar tulu ai da sauƙi. Ya ce in tashi, ba ya magana da mai dafa kwalabe. Da ƙyar ya yarda cewa maganar uba ce kaɗai za ta warware rantsuwarsa, idan ta iso kafin a koma makaranta.

Yaya, jarrabawarta ta ƙarshe ta ƙarato, wanda bai zauna ba kuma sai baɗi. Ka rubuto wa Kawu ya bar ta ta koma, amma kada ka bi ta gidan waya. Ka ba Ya'u direba amsa, motarsa na zuwa kasuwar Juma'a. Yarinyar ta daina cin abinci, ko kusa da randa ba ta zuwa.

Ka gaida Yaya Saudatu, da Auta, da Ɗantani. Zan tsaya a tasha ranar Juma'a.

Ƙaninka,
Halliru