Ranar da Na Koyar da Giwa a Gaban Shugaba

Litinin, 6 ga Mayu

Shugaban makaranta zai zauna a ajina ranar Alhamis. In ya gamsu a tabbatar da ni a aiki, in bai gamsu ba in koma zaman gidan Yaya. Shugaban nan mutum ne da ko gaisuwa da hanci yake amsawa. Ga jiki, sai ya karkata yake shiga ofis.

Laraba, 8 ga Mayu

Na zaɓi darasi. Dabbobi masu shayarwa suna da wata ƙwayar gado da ke sa kitse ya ba da ɗumi, amma doki da giwa da alade sun rasa ta tun zamanin kakanninsu. Na gwada a kan Yaya, ta ce ita ina ruwanta da sanyin doki.

Alhamis, 9 ga Mayu

Shugaba ya zo. Kujera biyu aka haɗa masa a baya.

Komai na tafiya daidai, sai wata yarinya ta ce, "Malama, me ya sa giwa ta rasa tata?" Na ce wasu masana na ganin ƙaton jiki da kansa yake riƙe zafi. Ɗalibai arba'in suka waiwaya lokaci guda. Shi kuwa yana tsaka da share gumi.

Don in gyara, sai bakina ya ce, "Ai alade ma ya rasa."

Juma'a, 10 ga Mayu

Yaya ta yi dariya har da hawaye, sannan ta share mini ɗaki, wai in shirya dawowa.

Litinin, 13 ga Mayu

Shugaba ya kira ni ofis.

"Malama, wannan ƙwayar, ɗan Adam na da ita?"

"Yana da ita, Yallaɓai."

"Har ni?"

Na ce har shi. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Ashe dariya yake. Wai ya shekara ashirin bai ga ajin da ya fahimci darasi da sauri haka ba. Ya sa hannu a takardata.

"Amma gaba ki bar alade a cikin littafi."

Laraba, 15 ga Mayu

Ya tare ni a baranda, wai raƙumi fa, yana da ita? Ban sani ba. Hutun rana gaba ɗaya a ɗakin karatu na yi shi, ko ruwa ban sha ba. Ba wai mutumin ya fara kwanta mini a rai ba ne. Kawai ba na son ya ji amsar daga bakin wani malamin.