Sunan da Zai Hau Bayan Tsani

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Injiniya da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon bayan nan, ya sa kaffara ne. Na sha gaya miki ki rage tsayuwar asibitin nan, amma ke dama tun kina ƙarama kunnenki na ƙashi ne. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwaggo ta samu sauƙin ƙafa, har ta koma faɗa da 'yan haya, wanda shi ne alamar ta warke. Maigidan kuwa tun da ya ajiye tuƙi ya zama mai gadin rediyo a ƙofar gida.

Na zaɓi in rubuto ne maimakon in buga waya, domin a waya ke kuka ni kuka, kati ya ƙare ba a ce komai ba. Maganar ɗanki ce, ko in ce ɗana. To kin gani, tun ban fara ba na rikice. Maganar Tsani ce dai.

Kin san ni har yau ban gane kan ƙwallon kwandon nan ba. Mutum ya jefa daga nan a ce biyu, ya ja da baya kaɗan a ce uku, ana cikin gudu wani ya busa usur kowa ya tsaya yana harare-harare. Da launin riga nake bin yaron nan. Ya fara da masu koriya na kamfanin simintin garin nan, ya koma masu ja, sai aka ce ya haye waje. Can kuma na ji wai an ba da shi aro ga wata ƙungiya, na ce aro sai ka ce turmi? Daga nan ya tafi ƙasar sanyin nan inda gwiwa ta zaunar da shi a benci, kullum in an nuno shi yana naɗe da tawul kamar mai jego. Yanzu yana wurin masu ruwan ɗorawa, waɗanda suka ɗauki kofi bara. Duk rigunan suna nan a durowar ɗakina, kuma kowacce ki juya bayanta Tsani aka rubuta, sunan da muka laƙaba masa don shi ke sauko mana da kaya daga saman kabad. Ban taɓa tambayar dalili ba, na ɗauka gayu ne irin na yara.

To watan jiya sai ga kocin ƙungiyar ƙasarmu har gida. Shi ma wani zanƙalele ne, sai da ya sunkuya ya shigo falo, da ya zauna a kujera gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. Ya ce suna son Tsani ya buga wa ƙasa. Ina cikin murna sai ya ƙara da cewa ya ji ƙasarku ma ta aika masa, tunda can aka haife shi kuma yana da fasfonsu. Na ce to mene ne abin wahala, ya buga wa waɗannan bana, baɗi ya buga wa waɗancan, kamar yadda yake raba mana hutu ni da ke. Mutumin nan ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai ba a haka. Kulob ne ake canzawa kamar takalmi, amma ƙasa in ka sa mata riga ka shiga fili, ƙofar ɗayar ta rufe ke nan. Na ce ikon Allah, ashe aron ma yana da inda ya tsaya.

Ko wannan da sauƙi. Da Tsani ya kira ni ne na gane inda gizo ke saƙar. Ya ce a kulob sun yarda ya sa laƙabi, amma ƙungiyar ƙasa ta ce sunan da ke fasfo za a buga masa a baya. Auta, kin tuna lokacin da kika kawo mini shi yana tatata, kika ce in riƙe miki shi kafin ki gama karatu, karatun ya zama aiki, aikin ya zama shekaru. Da ya isa shiga makaranta Maigidan ne ya kai shi tare da yaranmu, malamin ya jera su duka da suna ɗaya, haka ya bi shi har fasfon nan. Na can kuwa sunan Injiniya ne a ciki. Ashe duk shekarun nan ba gayu ba ne, yaron nan ɓuya yake yi a bayan Tsani don kada ya ɓata wa uba ɗaya rai. Wallahi da na gane haka sai da na zauna a bakin gado.

Sai Tsani ya ce wai duk abin da Umma ta ce shi zai yi. Ni! Ni da ban san bambancin biyu da uku ba, ni za a ɗora wa wannan? Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata namu take so. Ina son in ga sunan mutumin da ya kafa masa gare-garen keke a jikin falwaya ya zame masa kwando, wanda ya zaga kasuwa kaf yana neman takalmin da zai shige shi ana yi masa dariya. Amma in na tuna ke kika yi naƙudarsa, kuma Injiniya bai taɓa yi mana gorin ɗansa ba ko sau ɗaya, sai kunya ta rufe ni. Na zama gaba kura baya sayaki. Har gishiri na zuba wa Gwaggo a shayi, ta ce dama ta san so nake ta mutu.

Shi kuwa Maigidan yana ta murɗa rediyonsa kamar ba da shi ake ba. Na yi masa magana ya ce shi direba ne, ina ruwansa da ƙwallo. Shekaranjiya da hantsi sai ya shigo ya miƙo mini wayarsa, ya ce in nemo masa lambar yaron, don har yau bai iya ba. Ina tsaye ya gaya masa ya je ya buga wa ƙasarku. Ya ce shi ya samu fuskarsa safe da yamma tun yana yaro, Injiniya kuwa sai hoto da murya a waya, to tunda shi ya ci gaban, a bar wa Injiniya bayan. Ya ce ai shi ko a cikin dubu ya san tafiyar ɗansa, ba sai ya karanta ba. Ina jin Tsani yana sheshsheƙa ta cikin wayar, ƙato da shi, har dai ya ce to. Maigidan ya kashe waya ya fice, ranar ko abincin rana bai taɓa ba.

Yanzu ni ban san me nake ji ba. Haushinsa nake ji don bai shawarce ni ba, tausayinsa nake ji, kuma na ji kamar an sauke mini dutse daga ka, ina kuma jin haushin kaina da na ji hakan. Ban san ko barka zan yi miki ba ko ke za ki yi mini jaje. Maƙwabta sun fara tambayata wa zan goya wa baya ranar da ƙasashen biyu suka haɗu, na ce su bari ranar ta zo tukuna, ƙila a ɗauke wuta.

Saƙo ɗaya Maigidan ya ba ni, shi ne ma ainihin dalilin takardar. Ya ce idan rigar ta fito ku aiko masa da guda, mai ɗan faɗi saboda tumbi, zai sa ranar wasan farko ya zauna a ƙofar gida. Na ce masa ya dai san sunan Injiniya ne zai kasance a bayanta. Ya dube ni ya ce ya sani, ai ba yau ya fara ɗaukar kayan mutane ya kai musu lafiya ba.

Ki gaishe mini da Injiniya da kyau, ki karanta masa wannan a hankali. Ki gaida 'Yan Biyu da Ƙaramar Gwaggo, ki ce ina nan ina jiran hotunan da suka yi alkawari. Gwaggo tana gaishe ki, Kawu mai shago ma haka. Allah ya bar zumunci, ya yi wa yaron nan albarka da kowane suna. Kada ki manta da rigar.

Taki har kullum,
Yayarki, Umman Tsani